Shanu Dubu da Tara

A gidanmu na Baure, tatsuniya ba kyauta ba ce. Sai ka ɓare wa Kaka gyaɗa cikin ƙwarya kafin ta buɗe baki. Da an idar da magariba muke kewaye murhunta, ni da 'ya'yan Baffa, muna ture juna saboda wurin da hayaƙi ba ya bi. Har yau in na ji ƙamshin karan dawa a wuta, sai kewarta ta kama ni.

Shekarar da rediyo ba shi da zance sai na shari'a, kakanmu ya rasu. Baba da Baffa suka tashi raba gida, ɗakin Kaka kuwa yana daidai inda katangar za ta bi. A kwanakin nan tatsuniya ɗaya ta riƙe, da murya sama, alhali su biyun suna zaune bayan zana.

"To ga ta nan, ku tare ta," in ji ta. Wani makiyayi ya mutu ya bar shanu dubu da tara. 'Ya'yansa biyu suka raba daidai, wata tsohuwar saniya ta yi saura. Na uku ya dawo daga fatauci, aka sake rabo, ita dai ta yi saura. Na huɗu ma haka. Sai tagwaye suka ɓullo, suka zama shida.

"Kaka, ina na biyar?"

"Ke ungozoma ce? Na ce miki tagwaye!"

Har suka kai tara, kullum tsohuwar saniyar ke tsaye tsakiyar fili ba mai so, ga shi ita garken ke bi zuwa rafi.

Yanzu lissafi nake koyarwa a Daura. Ran nan ina rubuta wa ɗalibai lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, na iso kan dubu da tara, alli ya tsaya a hannuna. Na gwada da biyu, uku, huɗu, shida, bakwai, takwas, tara: saura ɗaya kowane karo. Da biyar kuwa huɗu ke saura, shi ya sa ta haifo tagwaye. Matar da ba ta taɓa shiga aji ba, da 'ya'yan gyaɗa ta gano wannan, ita kaɗai a ɗaki.

An gina katangar bayan girbi, aka rushe ɗakin. Baba ya ce wurinsa ya yi kaɗan, Baffa ma haka, aka kai Kaka wurin Gwaggo a Dutsi, can ta rasu.

Tatsuniyar ba ta da ƙarshe. Tambaya Kaka take yi, tana kallon zana: "To, ya za a yi da saniyar nan?" Daga bayan zana ba wanda ya taɓa amsawa. Ni ce dai, don a ce na fi kowa wayo, na ɗaga murya na ce, "A kai ta wani garken mana!"

Ta daɗe tana juya itace a wuta. Sannan ta ce, "Haka za a yi, 'yar nan."