Sawun da na kife da ƙwarya

Shekarun baya, lokacin ina lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, ba ni da aiki sai karanta littattafan 'yan sanda masu bincike. Har na fara jin ni ma wani ne.

Da hutu na zo gida Matameye. Wata safiya muka tashi babu keken ɗinkin mahaifiyata, wanda da shi take ciyar da mu. Ta zauna bakin ƙofa, salati kawai take yi. Ni kuwa sarkin bincike na duƙa a tsakar gida, na ga sawun wani sabon takalmi, na kife shi da ƙwarya yadda ake yi. Na san zanen takalmin sarai. Abokina ne ya dawo da shi daga cin rani a Kano.

Ban tambayi kowa ba, na ruga wurin jandarmomi na ba da sunansa. Ranar kasuwa ce. A gaban mutane suka tasa shi, ko kallona bai yi ba.

Sai la'asar wani tsohon jandarma ya zo gidan. Ya ɗaga ƙwaryar, ya bi sawun har zaure, ya dawo, ya tambayi mahaifiyata yaushe ta yi shara. Ta ce gab da magariba.

Ya dube ni ya ce, "Malam mai bincike, sawun fita na gani. Ina na shiga?"

Ya nuna sawun, ya ci gaba.

"Mai takalmin nan yana cikin gida tun kafin shara. Hajiya, wa kuma ke da irinsa?"

Mahaifiyata ta dubi sawun. Ta ce, "Yaron da kuka kama ya kawo wa babban ɗana irinsa tsaraba." Wallahi duk garin an san 'yan cin rani sukan sayo abu iri ɗaya su rarraba, ni kaɗai na manta.

A Dungu aka samu keken, wana ya kai shi ya sayar. Ashe tun safe ake tambayar abokina ko akwai wanda ya ba irin takalmin, ya ƙi buɗe baki, don kada tsohuwa ta ji kunya.

An sake shi. Na je har gida na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, ya wuce. Mahaifiyata ma ta yafe wa wana. Tun ranar ban ƙara kiran sunan mutum a kan zato ba, amma abin yana cina har yau.

Duk shekara idan ya dawo yakan kawo wa mahaifiyata sabulu da turmin atamfa. A waje yake tsayawa ya yi sallama. Ta ce, "Shigo mana, ɗana." Ya ce, "Nan ma ya isa, Inna." Bai ƙara taka ƙasar gidanmu ba.