Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Khamis ya jingina wayarsa a bakin tagar shago, ya danna jan maɓallin ɗaukar sauti, ya koma gefe yana cin ƙosansa a hankali don kada leda ta yi ƙara. Haka yake yi kowace safiya kafin ya kunna komai, sai dai yau ya makara, sai da rana ta kusa tsaka ya buɗe shago. Sai ya bar wayar ta saurari unguwar Bagama tukuna. Takan kwashi hon ɗin motocin da ke lodin ma'aikatan Abuja, da gudumar Yohanna mai walda, da muryar mai tallan koko da ke jan kiranta kamar ba ta son ya ƙare. Mafi yawan abin da take kwasowa shara ne. Amma a cikin sharar nan yakan tsinci wani ɗan sauti, guntu kamar ƙwayar gero, wanda zai gina kiɗa guda a kansa.

Ɗan Suleja ne gaba da baya. Mahaifinsa, marigayi Malam Datti, tela ne, kuma a gindin keken ɗinki Khamis ya fara sanin cewa kowane aiki yana da kiɗansa. Da ya gama sakandare aka kai shi wani shagon buga takardu ya koyi kwamfuta. A can wani aboki ya saka masa manhajar haɗa kiɗa, daga nan takardun mutane suka fara kwana ba a buga ba. Yanzu yana da shagonsa, ɗaki ɗaya da aka liƙe bangonsa da kwalin ƙwai, da tsohuwar kwamfuta, da lasifika biyu waɗanda ɗayarsu ke shaƙewa in an matsa mata.

Kiɗan da yake yi shi samari ke kira diril. Kiɗa ne mai duhu. Gangarsa tana tafiya da ɗingishi na gangan, bes ɗinsa, wato sautin nan mai kauri, yana zamewa sama da ƙasa kamar hadari na nema wurin sauka, a kansu kuma sai a ɗora wani guntun sauti da aka yanko daga wani wuri, a yi ta maimaita shi har ya shige jinin mai ji. Shi ake ce wa sampul. Sauran masu haɗa kiɗa daga tsofaffin waƙoƙin ƙasashen waje suke yanko nasu. Khamis daga gida yake yankowa. Bugun taɓarya ya zama masa ganga, kukan ƙyauren zaure ya zama sarewa. Wannan hali ne ya yi masa suna, shi ne kuma ya jefa shi a inda yake yau.

Yana da wa, Hashim, ɗan farin mahaifiyarsu Inna Luba, direban bas a hanyar Abuja. Damanar bara hanyar ta cinye shi. Tun da aka haifi Hashim, ba mahaluƙin da ya taɓa jin sunansa a bakin uwarsa. "Wancan" take ce masa, ko "yayanku", in kuma yana gabanta sai ta yi magana tana kallon bango. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, ta riƙe ta kamar yadda ake riƙe alwala. Ranar da aka kawo gawar ba ta zubar da hawaye a gaban kowa ba. Matan unguwa suka yi ta faɗa a zaman makoki: Luba akwai kawaici, irin su sun ƙare.

Bayan an watse da daɗewa, wata safiya Khamis ya ajiye wayarsa a ƙofar madafa don ya ɗauki sautin rariya, Inna tana tankaɗen garin tuwo. Ya fita ya bar ta. Da ya zo saurare a shago, ya ji rariyar tana shi-shi-shi kamar yadda yake so. Sai ya ji Inna ta ja numfashi. Sai muryarta tana rerawa, ƙasa-ƙasa, irin wadda mutum ke yi in ya tabbata daga shi sai Allah:

"Hashimu, hanya ta ci, ba ta ƙoshi ba. Hashimu, in ban kira ka ba, wa zai kira ka?"

Ya tsayar da sautin. Ya san abin da ya kamata ya yi, kuma bai yi ba. Hannu ya riga ya saba. Ya yanko layin, ya ɗaga muryar sama har ta koma siririya kamar ta ƙaramar yarinya, ya shimfiɗa mata bes a ƙasa. Ya gwada cire sunan, sai waƙar ta zube kamar rumfar da aka zare wa ginshiƙi, don haka ya mayar. Ya ce wa kansa ai tunawa da yayansa ne. Bai taɓa yin kiɗan da ya kai wannan ba, ya kuwa san haka. Mutum ɗaya ya ba wa, Taufiq, wani mawaƙi ɗan Kano da ke sayar da waya a Abuja yana haya a Maje. Ya ba shi ne ya rubuta baituka, da sharaɗin kada kowa ya ji.

Bai gama cin ƙosan ba Taufiq ɗin ya faɗo shagon ko sallama babu.

"Furodusa! Ogana na kaina! Ka duba waya kuwa?"

"Tana aiki," in ji Khamis, ya nuna taga da haɓa. "Rage murya."

"Yau ba ranar rage murya ba ce. Abeg zauna kafin ka faɗi." Ya tura masa tasa wayar a fuska. "Jiya na ɗora ɗan guntu. Duba yadda ya tashi. 'Yan mata har rawa sun ƙirƙira masa."

A fuskar wayar wasu 'yan mata ne sanye da kayan makaranta suna karkaɗa kafaɗa, siririyar muryar nan tana ta kiran Hashimu, Hashimu. Khamis ya ajiye ledar ƙosan.

"Na ce maka kada ka fitar."

"Ka ce kada in fitar da waƙa. Wannan ai ba waƙa ba ce, ƙamshi ne. Mai tsire ma yana barin hayaƙi ya yi masa talla." Taufiq ya yi dariya, ya ga shi kaɗai yake yi. "Wai lafiya? Ka yi fuska kamar an ɗauke wuta kana tsakiyar aiki. Ranar Asabar da wannan zan buɗe wasan Abuja. Mutumina, mun fita!"

Ana cikin haka sai aka tare hasken ƙofa. Yayarsa Ikilima ce, mai yi wa amare lalle. Ba ta taɓa taka shagon nan ba sai yau. Yatsunta duk baƙin lalle ne ɗanye, alamar ta baro aiki a tsakiya.

"Yaya, sannu da zuwa."

"Kunna mini."

"Wanne?"

"Khamis, kada ka mai da ni ƙaramar yarinya."

Ya kunna. Bes ya cika ɗakin, lasifikar nan mai shaƙewa ta shaƙe. Rariya ta shigo. Sai jan numfashin, sai sunan. Ikilima ta ɗaga hannu, ya tsayar.

"A wayar ƙawar amarya na ji. Ka ji wannan jan numfashin? Nonon da ka sha shi na sha. Ko a kasuwar Gawu na ji shi cikin hayaniya zan san na wace ce."

"Na canja muryar, Yaya. Ba wanda zai gane."

"Ka canja murya. Ka canja sunan? Hashim nawa hanya ta ci a unguwarmu? Ƙanin wa ke haɗa kiɗa? Ko kana ganin matan nan ba su iya haɗa ɗaya da ɗaya ba?"

Taufiq ya dubi wannan ya dubi wancan. "Ku dakata. Hajiya, yi haƙuri, muryar wa ce wai?"

"Ta uwarsa."

"Innalillahi." Ya zare hularsa ya sake mayarwa. "Wallahi na ɗauka tsohon kaset ne ya tsinto. Hashim ɗin... ɗan fari ne?"

Ikilima ta gyaɗa kai. Shi ma a irin wannan gidan ya tashi, ya san abin da hakan ke nufi. Ya zauna a kan benci.

"Ba wannan ne ya kawo ni ba," in ji Ikilima. "Yau ake suna a gidan Baba Daso. Inna ta riga ta fito da atamfarta, da an yi azahar za ta tafi. Cletus ne zai sa kiɗa, kuma yaran gidan tun safe wannan rawar suke gwadawa. Duk matan da suka zauna makoki da ita suna can a kan tabarma. A gabansu za ta ji kanta tana kiran sunan da ta ɓoye tun ba a haife mu ba, jikokinsu suna karkaɗa kafaɗa a kai."

Khamis ya hango abin kamar yana tsaye a wurin. Ba za ta yi ihu ba. Za ta gyara mayafi, ta ƙarasa cin abin da ke hannunta, ta yi wa mai jego addu'a, ta tashi. Bayan nan ba za ta ƙara rera komai ba, ko da daga ita sai Allah. Ba kuma za ta ƙara sakin jiki in yana cikin gida ba.

Taufiq ya riga ya fara danne-danne. "Na goge nawa. Ga shi, na goge. Bari in kira Cletus." Ya kira, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya sake. A karo na gaba aka ɗauka, hayaniyar janareta ta cika wayar. "Cletus! Wannan sabon, na Hashimu, kada ka sa shi yau. Na ce kada ka sa! Ba ruwanka da dalili." Ya sauke wayar. "Ya ce to."

"Wayoyin yaran fa?" in ji Ikilima. "Su ma za ka kira su ɗaya bayan ɗaya?"

Taufiq ya duba. A ƙarƙashin wurin da ya goge, na wasu suna nan, na masu rawa, na masu kwaikwayo, na wani mai Keke Napep da ya ɗauki kansa yana tuƙi da shi. Magana zarar bunu ce. Ya kife wayar a cinya.

Daga masallacin bayan layi aka ji ladan yana hura lasifika, yana gwada ta kafin lokaci. Dukansu suka juya suka kalli bangon da sautin ya fito.

"Zan je in kwanta a ɗakinta," in ji Ikilima da sauri. "In ce zazzaɓi ya kama ni. Ba za ta fita ta bar ni ba."

"Gobe fa?" in ji Khamis.

"Gobe ta Allah ce."

"Jibi za ta shiga kasuwa. Za ta hau keke." Khamis ya girgiza kai. "Sai dai mu kulle ta a ɗaki saboda abin da na yi."

Ya juya ga kwamfutar. Layukan kiɗan suna jere a fuskarta, kowane da launinsa. Ya kai kibiya kan na muryar, ya kashe shi, ya sake kunna kiɗan. Ganga tana nan, bes yana nan, rariya tana shi-shi-shi. A inda sunan yake sai rami, kiɗan ya zo bakinsa ya tsallake, ya zagayo ya sake tsallakewa.

"Ya mutu," in ji Taufiq a hankali. Ba gardama yake yi ba. "Ba tare da ita ba, gawa ce. Da me zan hau dandamali ranar Asabar?"

"Da wani. Akwai su da yawa."

"Ba kamar wannan ba."

"Na sani."

Ya miƙe ya je bakin taga. Wayarsa tana nan a jingine, jan maɓallin yana ƙiftawa. Ya manta da ita. Duk abin da aka faɗa a ɗakin ta kwashe, har rawar da muryar Ikilima ta yi. Ya tsayar da ita, ya goge na yau ba tare da ya saurara ba. Sannan ya nemo na ranar tankaɗe, na asali, wanda ba a ɗaga ba, ba a yanka ba. Ya ciro abin sawa a kunne daga aljihu ya naɗe a hannu.

"Me za ka yi?" in ji Ikilima.

"Zan kai mata abinta. Ta ji a tsakar gidanta, daga hannuna, kafin ta sa atamfar nan."

"Me za ka ce mata?"

"Ban sani ba, Yaya."

"In ta ƙi kallonka fa?"

Ya tsaya da hannu a kan ƙyaure. Ya tuna yadda takan yi wa Hashim magana tana kallon bango, da yadda Hashim ɗin yakan fito yana murmushi, don shi ya san abin da ke bayan bangon. Khamis bai san ko shi zai samu irin wannan kallon ba, ko kuwa wani daban.

"Sai in tsaya a inda nake har ta gama," ya ce.

Ladan ya ɗaga murya. Khamis ya ajiye wa Taufiq makullin shago a kan benci, ya bar kiɗan yana zagaye raminsa, ya sa takalmi ya fita.