Taruben da Kajin Rukaiya

Tarulata Sanghvi ta daɗe tana koyar da zane a wata makarantar 'yan mata da ke Bhavnagar, har ɗalibanta na farko suka dawo suna kawo mata nasu 'ya'yan. Taruben kowa ke ce mata, don a can "ben" ake liƙa wa sunan mace saboda girmamawa. Gajeriya ce, mai saurin faɗa da saurin dariya, yatsunta kuwa ba sa rabuwa da fenti. Mijinta Bipinbhai, ɗan kasuwar yadi, ya sha cewa duk garin shi kaɗai ke cin gurasa mai shuɗin yatsa.

Mabiya addinin Jain ne. Nama da kifi da ƙwai ba su taɓa ƙetare ƙofar gidansu ba, ko albasa ba a girkawa. Da ta yi ritaya sai zaman gida ya gundure ta. Ta gyara kabad, ta sake gyarawa, ta koma neman mai kawo madara da rigima.

Wata rana jikarta Dhvani ta haye cinyarta da wani littafin hotuna da aka aiko mata. Ga kaza tana murmushi, ga rago, ga saniya, suka yi ta tafiya lafiya. A shafin ƙarshe sai ga iyalin manomin sun zagaye tebur, an ajiye wani abu jawur a faranti, ƙafafu sama.

"Kaka, kazar ce take barci a nan?"

Taruben ta yi tari. "Wannan... kabewa ce."

"Kabewa mai ƙafa?"

Surukarta Hetal ta leƙo daga kicin. "Mama, mantawa na yi ban manne shafin ba. Duk haka muke yi, da ɗan gam."

"Littafin za a toshe wa baki? Bari, ni zan yi mata nata."

Cikin 'yan kwanaki ta zana shi, ta ɗauka sai maɗaba'ar Yunusbhai, Musulmin da ya daɗe yana buga wa makarantarsu takardun jarrabawa. Ya gyara tabarau, ya duba, sai kafaɗunsa suka fara rawa.

"Taruben, wannan ai tantabara ce aka ɗora wa jar hula."

"Kaza ce!"

"Haba ben, ni da kaza mun san juna ciki da waje."

Ta toshe kunnuwa. Amma ta san gaskiyarsa ce. Iyakar ganinta da kaza a keji ne bakin titi, shi ma kawar da kai take yi. Yunusbhai ya ce yayarsa Rukaiya tana kiwon su a ƙauye, kan hanyar Sihor, ta je ta gani da idonta.

Bipinbhai bai so ba. "Kina ji? In mutanen wurin ibada suka ji kina zarya gidan kaji fa?"

"Kallo zan je yi, ba ci ba."

Ya yi ta gunaguni, amma shi ya ɗaure mata gurasar thepla da gorar dafaffen ruwa, shi ya raka ta tasha.

Rukaiya ƙatuwar mace ce mai murya kamar ganga. Ta sayo sabon kofi musamman don baƙuwar, ta zaunar da ita a gadon igiya a tsakar gida. Ko fensir Taruben ba ta gama fiƙewa ba wani jan zakara ya ga bakin sarinta yana lilo, ya yi kansa. Sai ga tsohuwar malama tsaye a kan gado tana ihu, takardu sun watse. Rukaiya ta riƙe ciki don dariya.

"Ke da ba kya kashe ko sauro, ga shi yau ke ake neman kashewa!"

Da hankalinta ya dawo ta ga wata kaza ta kwanta a ƙasa tana shure-shure. "Rukaiyaben, ruwa! Mutuwa za ta yi!"

"Zauna, ben. Wanka take yi."

Daga ranar ta zama 'yar gida. Duk mako tana hanya. Ta gane cewa a cikin kaji akwai ɓarauniya, akwai matsoraciya, akwai mai shiga abin da ba ruwanta. Wadda ta fi shiga ranta wata tsohuwa ce mai ido ɗaya, Begum, wadda ta daina ƙwai tuni. Rukaiya ta ce a cinyar marigayi mijinta take kwana da rana, shi ya sa wuƙa ba za ta taɓa ta ba.

Da damina Begum ta tsiri kwanci a kwandon da babu komai, sai Rukaiya ta saka mata ƙwan agwagwa. Ta ƙyanƙyashe su, tana yawo da su tana hura hanci. Ran da suka ga kududdufi kuwa suka faɗa ciki ɗaya bayan ɗaya, Begum ta bi gaɓa tana gudu tana kururuwa, fikafikai a buɗe.

"Wallahi haka na yi ran da ɗana ya hau jirgin Dubai," in ji Rukaiya tana share hawayen dariya.

Fensirin Taruben kuwa gudu yake yi. Nan ta samu labarinta: tsohuwar kaza, 'ya'yan da ba irinta ba, da akuya da ɓauna masu ba ta shawarar banza. Babu wanda ya ƙare a faranti.

Yunusbhai ya duba sabon zanen ya jinjina kai. "Yanzu kam kaza ce. Har yunwa ta kama ni." Ta kai masa duka da laima.

Da aka buga littafin, Hetal ta fara nuna wa ƙawayenta shi, kafin wata ya ƙare iyaye mata na sallama a ƙofa. Aka aika Surat, aka aika Mumbai, dangi na Nairobi ma suka ce a sako musu. Wani dattijo ya tare ta bayan ibada, fuska a murtuke, wai ya ga ƙwai a shafi na huɗu.

"Baba, uwarsa ce a kansa, ba a kasko yake ba. Ina laifin?"

Sai ya rage murya ya ce a ajiye wa jikokinsa kwafi biyu. Jikokin Rukaiya ma sun haddace shi, ko da yake su da miyar kaza a gabansu suke karantawa.

Bayan littafin Begum, Taruben ta yi na akuya, ta yi na jaki. Yanzu raƙumi ta sa a gaba, na wani mai amalanke a bayan kasuwa. Bipinbhai kan bar wa ɗansu shago ya bi ta, wai don ya riƙe mata kujera. A makon jiya raƙumin ya miƙo wuya ya zare masa hula daga ka, ya fara taunawa.

"Kina ji? Ki yi wani abu mana!"

"Kar ka motsa," in ji Taruben. "Tsaya haka, bakinka a buɗe. Kai ma ka shiga littafin."