Baba Cleofas da Tulun da Ke Ƙarƙashin Bam

A gyara tsayuwa, a cire malafa! Ga Baba Cleofas Menjívar nan tafe, janar ɗin masara da wake na duk lardin Chalatenango, mai rundunar alade ɗaya da kaza biyu, mutumin da aka aiko wa jiragen yaƙi har gida, shi kuwa ko kai bai ɗaga ba saboda yana cire ƙaya a ƙafa.

Gajere ne, ga gwame, haƙoransa na gaba sun riga shi yin ritaya. A gonar da aka haife shi ya tsufa. Bai taɓa riƙe bindiga ba, daga adda sai sandar shuka.

A shekarar da nake ba ku labari, jirage sun raba ƙasar kamar 'yan talla. Da safe mu ji a rediyo suna Guazapa, da rana Morazán, la'asar kuma tamu ce. Ƙaramin ne ke fara zuwa, wanda muke kira Magulmaci. Ya yi ta shawagi, da ya hango hayaƙi ko farar riga sai ya kai tsegumi, manyan su zo. Mu kuwa mu faɗa ramukan da muka haƙa a gindin tudu, kowa ya ciji ɗan itace don kada kunne ya fashe.

Ban da mutane, masara suka fi tsana. Sun ƙone rumbuna, sun ƙone gonaki, don wanda bam bai samu ba yunwa ta kora shi sansanin gudun hijira a Honduras. Gidaje da yawa sun tsallake kogin iyaka. Mu da muka ƙi tafiya ba mu da irin shuka ko tafi guda, sai tulun Baba Cleofas. Tun kaka ya cika shi da iri, ya gauraya da toka saboda ƙwari, ya binne a gindin mangwaron gonarsa.

To, ruwan farko na gab da sauka, sai wani matuƙi ya saki bam daidai gindin mangwaron nan. Bai fashe ba. Ya nutse da ka, gindi a sama, kamar alade a kwatami. In ba a fito da irin ba kafin ruwa, mu ma sai Honduras.

Washegari da hantsi Baba ya zari ludayin miya a madafa. Matarsa, Gwaggo Eduviges, ta tare ƙofa.

"Tsohon nan, in ka tarwatse ba zan bi gona ina tsintarka ba. Bayana ciwo yake."

"Ki bar wa aladen. Ya daɗe bai ga nama ba."

"Kuma da ludayina za ka mutu? Shi kaɗai ya rage min!"

"To ki yi wa ludayin addu'a."

Ni, Nicanor, na raka shi da buhu har bayan wani dutse mai ɗan nisa, na tsaya nan, don dole a samu mai ba da labari.

Ya kwanta rub da ciki, ya shiga yaƙutar ƙasa daga gefe, ludayi bayan ludayi, yana yi wa bam ɗin magana kamar jakin da ba a saba da shi ba. "Kai baƙo, ban gayyace ka ba. Amma tunda ka zo, yi barcinka." Da ya kai ga tulun sai ya tarar hancin bam ɗin a jingine da wuyansa. In ya ja tulun, baƙon zai motsa. Sai ya ɓare gefen tulun a hankali da bakin adda, ya tare ɓarakar da tafin hannu.

Nan fa muka ji kukan Magulmaci.

"Baba, jirgi! Taho mu gudu!"

"In na cire hannu irin zai zube ƙarƙashin wannan ɗan banza. Kawo buhu."

"Ni? Baba, ko aure ban yi ba!"

"Da wannan bakin naka ba za ka yi ba dama. Kawo buhu!"

Na ja ciki na kai. Jirgi na zagaye a kanmu, bam na gefen kunnena, tsoho na ɗibar iri da ludayi kamar mai raba wake a gidan biki. Inuwar jirgin ta gifta ta kanmu, ya ce, ba tare da ya ɗaga ido ba, "Kalla da kyau, munafuki. Ka je ka ce musu muna shuka." Ko matuƙin bai ga komai ba ne, tunda mun zama launin ƙasa, ko ya ga tsoho rungume da bam ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, oho. Ya dai yi gaba.

Ruwa ya sauka, kowane gida ya samu rabonsa, ba wanda ya ƙara tsallake kogi. Bam ɗin yana nan, wake ma ya fara hawa jelarsa. Gwaggo ta karɓi ludayinta, ta ce ya lanƙwashe.

Ranar da masara ta tsiro na same shi a gona, na cire malafa, na buɗe murya: "Gaishe ka janar! Kai ka kwashi abinci a bakin mutuwa! Jirage sun yi Guazapa, sun yi Morazán, a gonarka suka sha kunya! Jikokinmu za su..."

Ya dube ni, ya dubi ƙafafuna.

"Ka gama? Kana tsaye a kan shukata."