Oddvar da layin wayar matarsa

Oddvar Nesheim mai gyaran lantarki ne a garin Alesund, ƙato, marar yawan magana. Matarsa Ingunn tana walda a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa, kuma duk sashensu babu mai hannunta. Amma sau biyu ana tsallake ta a muƙamin shugaban sashe. Manaja ya ce aikinta ba laifi, sai dai ba a san ranar da za ta ajiye ƙarfe ta tafi ba.

Gaskiya ya faɗa, mai ban haushi. 'Yarsu Tuva na fama da ciwon kunne, kuma da zarar jikinta ya yi zafi, Ingunn malaman gidan renon yara suke kira. Oddvar ya je ya sa lambarsa a saman takarda. A banza. Hannun malaman nan ya riga ya saba da lambar uwa.

Da aka ce za a sake ba da muƙamin a ƙarshen shekara, wata safiya suna cin burodi da cuku ya ɗauki wayarta, ya zare layin, ya sa a tasa.

“Kai, Oddvar, lafiyarka kuwa?” in ji Ingunn.

“Ƙalau. Daga yau ni ne ke.”

Ranar Laraba waya ta yi ƙara yana bisa tsani.

“Maman Tuva ce?” in ji malamar.

“Ita ce,” ya amsa da muryarsa mai kauri. “Ga ni nan zuwa.”

Haka ya yi wata takwas. Abokan aikinsa suka laƙaba masa Maman Tuva, yana amsawa ko a jikinsa. Har kiran surukarsa ya gada, wadda ba ta sallama kafin awa guda. Ni dai ban ga namijin da ya burge ni kamarsa ba.

A watan Disamba Ingunn ta sami muƙamin. A makon ne shi ma ya zauna da ubangidansa kan albashi, ya fito ba ƙarin ko krone ɗaya na kuɗin ƙasarsu, karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya. Wai yana yawan barin aiki ya tafi ɗauko 'yarsa.

Da ta ji, ranta ya ɓaci ƙwarai.

“Ba ni layina,” ta ce. “An cuce ka.”

Oddvar ya ci gaba da ɗaure wa Tuva takalmi.

“Ni sau ɗaya aka yi mini, har na kasa cin abinci. Ke tun haihuwar yarinyar nan ake yi miki, ban taɓa tambayarki ba.”