Babin da Na Kasa Faɗa

Duk lokacin da ruwan farko ya sauka, danshi ya tayar da warin tsofaffin takardu a ɗakina, sai gidan hayar da na tashi a cikinsa a Trikania ya faɗo mini a rai. Ɗakuna tara ne a jere, da rijiya ɗaya, da bishiyar gwaiba wadda ba mu taɓa barin 'ya'yanta sun nuna ba. A ɗakin ƙarshe akwai wata tsohuwa Kirista, mutuniyar kudancin jiharmu, wadda ta daɗe tana koyarwa a firamare kafin ta yi ritaya. Kowa Mama yake ce mata, har mahaifina.

Tana da wani tsohon littafin labari na Hausa, na wani yaro ɗan ƙauye da yarinyar da suka taso tare tun suna wasan ƙasa har suka mallaki hankalinsu. Da ɗinkin littafin ya saki, ba ta kai an gyara ba. Sai ta raba shi babi-babi, ta ɗaure kowanne da zaren kitso. Ƙa'idarta ɗaya ce. Za ta ba ka babi guda, ka je ka karanta, ka dawo ka zauna a tabarmarta ka ba ta labarinsa da bakinka, sannan ka karɓi na gaba. In ka yi tsallake, ta gane. In ka cusa Turanci, ta sa ka sake daga farko. Hausa ba harshen da ta sha a nono ba ne, amma a wurinta na fara sanin cewa kalma tana da nauyi.

Ina da shekara goma sha biyu a daminar da na fara. Ban taɓa kwana a ƙauye ba, a waɗannan shafuka na san rumbu da gayya da hirar dandali. Ina ba da labari, ita kuwa tana tsince acca a faifai, ruwa yana dukan kwanon rufi har sai na ɗaga murya. Takan dakatar da ni ta tambaye ni abin da yaron ya ji a ransa, domin abin da ya aikata kowa zai iya faɗa. Haka na ci babi bakwai.

A babi na takwas ne yaron ya tari yarinyar a hanyar rafi, ya gaya mata abin da ke zuciyarsa. Babu komai na rashin ɗa'a a ciki, ko hannunta bai taɓa ba. To amma ni ɗan gidan da uwa ba ta kiran sunan mijinta ne. Ta yaya zan zauna gaban sa'ar kakata in furta irin waɗannan kalmomi? Sau huɗu na karanta babin a ɓoye. Na gwada faɗarsa ni kaɗai a bayan ɗaki, maganar ta maƙale. Sai na shiga kauce mata. In tana bakin rijiya, in fasa ɗiban ruwa. In ta zauna a ƙofarta, in sunkuyar da kai in wuce da sauri.

Sau ɗaya ta kira ni, ta ce, "Ɗana, babin nan ya yi maka tsawo ne?"

Na ce an aike ni ne, na ruga.

Abin da ƙuruciya ta hana ni aunawa shi ne, a daidai wannan lokaci zaman garin ya yi tsami. Jita-jita ta yi yawa, an hana fita da yamma, mutane suna kwashe kaya kowa yana komawa cikin nasa. Maƙwabtan da suke aika wa juna abincin Salla da na Kirsimeti sun koma gaisuwa daga nesa. Iyayena ba su taɓa hana ni zuwa wurinta ba, ba su ma lura na daina ba. Kafin kaka ta shigo muka koma Unguwar Mu'azu. Ranar tashi Mama ta ba mahaifiyata ƙullin acca, ta dube ni, ba ta tambayi babinta ba. Yana cikin rigata, ya manne da cikina. Na ce mata sai wata rana.

A jami'a na karanta littafin har ƙarshe. Na tsaya gaban malamai na warware babi na takwas dalla-dalla, ko ɗar ban ji ba. Bayan na gama bautar ƙasa na ɗauki shafukan na koma Trikania. 'Yar Mama na tarar a ɗakin, ta ce Mama ta rasu bara, an kai ta ƙauyensu. Ta shaida ni, ta karɓi shafukan, ta ce Mama ta sha ambatona, kuma kada in damu, ba ta riƙe ni ba.

"Cewa take ba laifinka ba ne. Yaro ba ya ƙin mutum da kansa, sai in an koya masa a gida."

Na gaya mata gaskiyar abin da ya faru. Ta ce, "Kunya kawai?" Ta yi 'yar dariya, ta juya tana share ido da gefen zaninta.

Yaran yanzu ba su da irin wannan kunya. Abin da na kasa faɗa a tabarma, a waya suke ganinsa kafin su iya karatu. Na sha kokawa a kan haka, kamar yadda mai son al'ada yakan yi, amma yanzu nakan yi hattara. Kunyar da nake alfahari da ita ce ta sa tsohuwar nan ta koma ga Mahaliccinta tana zaton mutanen da suka yi shekaru suna ɗiban ruwa a rijiya ɗaya da ita sun raba ta da ɗansu.

Na gaya wa mahaifiyata Mama ta rasu. Ta yi salati, ta ce ba ta taɓa zama da maƙwabciya irinta ba. Sauran maganar har yau ban gaya mata ba.