Sunan Baba a Takardun Mota

Shekarar da Baba ya rasu muka sayar da motarsa. Rabaran ne, ya yi yawancin hidimarsa a wata ƙaramar majami'a a Kudenda, tsakanin gidajen ma'aikatan masana'antu. Mama ba ta iya tuƙi ba, ni ma haka, sai motar ta yi ta zama ƙarƙashin mangwaro tayoyinta suna sacewa.

Dillali ne ya kawo mana mai saye. A lokacin ba ni da aikin da ya wuce karanta littattafan soyayya da nake ara wurin wata ƙawata a Tudun Wada, irin waɗanda namijin kirki a cikinsu ba ya zuwa sai da farar shadda da ƙamshin turare, yana magana a hankali kamar kada ya tashi jariri. Haka kuwa mutumin ya shigo gidanmu. Na leƙa ta bayan labule, kafin ya gama gaisuwa har na zaɓa mana launin kujerun falo. Ya ce wai Baba ne ya yi masa baftisma yana yaro, kuma tun da ya ji rasuwar bai yi barcin kirki ba.

Kawu, ƙanen Mama, shi ya tsaya a kan cinikin. Aka daidaita, aka rubuta yarjejeniya, dillali ya sa hannu a matsayin shaida. Kawu ya ce a wuce ofishin lasin a ranar, a mayar da takardun motar da sunan mai saye. Sai mutumin ya sauko daga kujera ya durƙusa gaban Mama.

"Mama, ku bar mini sunan Baba a kan takardun nan na ɗan lokaci. Ni albarkarsa na zo saya, ba ƙarfe ba."

Mama ta fashe da kuka, ta ce a bar masa. A wurinmu ba a ja da mai zaman makoki a kan sunan mijinta, don haka Kawu ya haɗiye maganarsa, ya miƙa takardun.

Albarkar da ya saya ba ta daɗe ba muka ji yadda yake cin ta. Wata 'yar zumuntar matan majami'armu ta ga motar a Gonin Gora tana lodin Abuja, mutane a cunkushe, but ɗin cike da doya har ba ya rufuwa. Daga baya ya banke rumfar wata mai sayar da gasasshiyar masara a bakin titi, ya ji mata ciwo a ƙafa, ya taka wuta. Mutane suka ɗauki lamba. Lambar ta kai 'yan sanda ga sunan Baba, sunan ya kawo su ƙofar gidanmu. Maƙwabta suna tsaye suna ji ana tambayar ina Rabaran ɗin da ya buge mace ya gudu.

Da Kawu ya nemo mai sayen, ya zo da shaddar nan, amma yanzu da baƙin mai a bakin hannu, turaren kuma ya gaji da kokawa da zufa. Bai durƙusa ba. Mama ma ta koma Madam. Ya ce birkin motar ne ba shi da kyau, mun sani muka ɓoye, kuma a doka har yanzu motar Rabaran ce, ko mu karɓi kayanmu ko mu ji da 'yan sanda. Muryar nan mai sanyi ashe ta aro ce, tasa ta gaskiya kamar ana jan kwano a siminti. Takardar yarjejeniyar da shaidar dillalin ne suka fitar da mu, mai sayen ya je ya shirya da matar. Amma canjin suna ya ƙi. Yau ba netwok, gobe jami'in ofishin lasin ya tafi biki, jibi wayarsa a kashe. Mama ta daina zuwa sujada a majami'a, ta ce ba za ta iya jure idon mutane ba.

Wata safiya na lulluɓa da mayafi na tafi Gonin Gora, na shiga bayan motar Baba a matsayin fasinja. Ban damu ko zai gane ni ba, don mutumin da na ɓata dare nawa ina tunaninsa bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba. Mun ɗan yi tafiya muka iso shingen 'yan sanda. Ya sauke gilas, ya ɗauko tsohuwar muryar nan daga inda yake ajiye ta, ya miƙa takardu.

"Ranka ya daɗe, motar Rabaran ce. Ni direbansa ne, 'yan majami'a zan kai taro."

Na yaye mayafin. "Oga, Rabaran ya rasu. Ni 'yarsa ce, kuma bai taɓa ɗaukar direba ba."

Wani tsoho da ke gefena ya ce shi ko ƙofar majami'a bai taɓa takawa ba, Alhaji ne, a mayar masa da kuɗin motarsa. Matar da ke gaba ta tambayi direban ko taron na doya ne. Shi kuwa ya rantse da sama da ƙasa bai san ni ba, wadda ita ce gaskiyar da na fara ji daga bakinsa. Ɗan sandan ya naɗe takardun ya sa a aljihu, ya ce motar za ta zauna a caji ofis har sai ya ga sababbi da sunan mai tuƙa ta.

Mota a tsare ba ta lodi, sai ga netwok ya dawo, jami'i ya dawo daga biki. Ni da Kawu muka je da takardar shaidar rasuwa da ta rantsuwar kotu. Mai sayen ya sa hannu yana tsaki, ba tare da ya gaishe mu ba.

Na kawo wa Mama kwafin sabuwar takardar. Ba ta iya karatun Turanci sosai, amma ta san siffar sunan mijinta. Ta bi layukan da yatsa daga sama har ƙasa ba ta same shi ba, ta miƙo mini, ta ce in goge mata zanen zumunta, ran Lahadi za ta fita.